Yadda zaka sayi tsohuwar katafila ka share gona da ita ba tare da ka kashe ƙasar ba

Duk wanda ya taɓa ɗaukar gatari ya tunkari sabon fili mai itatuwa da sarƙaƙiya ya san abinda yake sa mutum ya fara mafarkin katafila. Kututture ɗaya sai ya cinye muku yini guda ku uku, ga kanta a hannu ga ciwon baya, ita kuwa cikin ƴan mintoci ta tumɓuke shi ta wuce na gaba. Nima haka ta ja ni har na sayi tawa ta hannu, kuma ban yi nadama ba, sai dai akwai abu biyu da naso ace wani ya zaunar dani ya faɗa min tun kafin in biya kuɗi. Na farko, kuɗin katafila a ƙafarta yake ba a inji ba. Na biyu, arzikin gona gaba ɗaya yana cikin wannan ƴar baƙar ƙasar ta sama wadda kaurinta da ƙyar ya wuce taƙi ɗaya, kuma katafila tana iya kwashe ta tas a wuni guda in mai tuƙin bai san me yake ba.

Kafin komai ɗan uwa zauna da biro da takarda. Hekta nawa zaka share, kuma bayan sharar me zata yi maka? In fili ne ƙarami wanda ƙwararren direba zai gama a sati ɗaya ko biyu, wallahi ɗauko haya ya fi maka, ka biya a yi maka ka huta. Saye yana da ma'ana ne in kana da aikin da zai ci ɗaruruwan awoyi, shara ce, hanyar shiga gona ce, tafkin tara ruwa ne, baje ƙasa ne, kuma kana da bakaniken da ya san manyan injuna wanda zai iya zuwa har inda take, saboda katafila ba mota bace da zaka ja ta zuwa gareji, inda ta tsaya nan za'a gyara ta. Sannan kar ka zuba duk kuɗinka a kan sayen. Ka ware wani kaso mai kauri gefe na gyaran farko da ɗauko ta da mai, don ban taɓa ganin ta hannu da ta iso gona bata nemi wani abu ba a watannin farko.

Sai girma. Sunan katafila da muke kira daga kamfanin Caterpillar na Amurka ya samo asali, wanda aka kafa a 1925, kuma lambobinsu ne mutane suka fi aunawa da su. D3 da D4 ƙanana ne, su da irinsu John Deere 450 da Komatsu D31, nauyinsu bai cika wuce tan 10 ba, suna da sauƙin ɗauka da sauƙin shan mai, sun isa sassabe da ƙananan itatuwa da gyaran hanya, amma in suka haɗu da babban icce sai dai su yi ta tono suna zagaye. D6 ita ce tsaka-tsaki, tsohuwar D6D tana da ƙarfin doki 140, D7G kuma doki 200 da nauyin kusan tan 20, duk biyun injin 3306 mai silinda shida ne a cikinsu, injin da bakanikai da yawa suka sani kamar tafin hannunsu. Komatsu D65 ta Japan ma a wannan sahun take. D8K mai doki 300 ta haura tan 30, tana ture kusan komai, amma ɗaukarta daga wuri zuwa wuri kaɗai aiki ne, ga shan mai, ga nauyin da zata danne maka ƙasa da shi. A ganina manomi mai matsakaicin fili ya tsaya a sahun D5 zuwa D6. Kuma ka zaɓi wadda kayan gyaranta suke samuwa a kusa da kai ko da bata kai wata kyau ba, domin inji mai kyau da ya kwana wata uku yana jiran ƙarfe ɗaya bashi da maraba da tarin ƙarfe. Sababbin nan masu kwamfuta suna da daɗin tuƙi, amma suna son dizal mai tsabta sosai kuma in suka nuna matsala sai an kawo na'ura an jona, tsofaffin kuwa sifana da kunnen bakanike sun wadatar.

Toh ka samu wadda ake sayarwa. Ka gaya wa mai ita kar ya tayar da ita kafin kazo, kaje da sassafe kai da bakanikenka, da tocila da tef na awo da tsumma. Da isarka ɗora hannu a jikin injin, in kaji ɗumi to an riga ka, ka ce zaka dawo gobe. Sabon fenti kar ya ɗauke maka hankali, ni in naga an fesa fenti har kan tiyo da kan giris sai in ƙara buɗe ido.

Ka fara da ƙafa, kuma a nan zaka ɓata mafi yawan lokacinka. Masu ƙera injunan da kansu suna cewa kusan rabin kuɗin gyaran da katafila zata ci a rayuwarta a ƙafa yake tafiya, wato sarƙa da fil-fil ɗinta da bushin, da rololin ƙasa da na sama, da babbar wilin gaba da sarƙar take zagayawa, da wilin baya mai haƙora wanda yake jan sarƙar, da takalman da suke taka ƙasa. Durƙusa ka kalli haƙoran nan na baya. Masu lafiya kansu a daƙushe yake da ɗan faɗi, in kaga sun yi tsini kamar haƙoran zarto ko sun lanƙwashe gefe guda to sun gama. Zura hannu ta cikin sarƙar ka shafa bushin ɗin, zagayayye ya kamata kaji, in kaji gefe ɗaya ya zaizaye ya baje, ko ya tsage, ka san inda aka kwana. Ana iya juya fil da bushin sau ɗaya a ci ɗaya gefen, don haka ka tambaya ko an riga an juya, in an juya kuma sun sake cinyewa sai sabuwar sarƙa. Sannan ka duba wilin gaba, ita ake turawa gaba da giris don a ɗaure sarƙa duk lokacin da ta saki, in kaga an tura ta har ta kusa ƙarshen layinta to sarƙar ta miƙe iya miƙewa. Akwai masu dabarar cire gaɓa ɗaya daga sarƙa don wilin ya koma baya ya zama kamar sabo, maganin wannan shine ka ƙirga gaɓoɓin ka gwada da abinda littafin injin ya ce, sannan ka auna tsawon gaɓa huɗu a jere da tef shima ka gwada. Rola kuma ka duba ko tana yoyon mai, ko bakinta ya cinye har kan fil ɗin sarƙa yana gogar ta, za kaga wurin yana ƙyalli. Takalma ka duba tsayin haƙarƙarinsu da notin da suka kwance. Wani abu da mutane basa lura: masu faffaɗan takalmi an yi su ne don ƙasa mai laushi da fadama, a cikin kututture da dutse saurin lanƙwashewa suke kuma suna wahalar da sarƙa, don haka in filinka tudu ne ka nemi mai matsakaicin takalmi.

Daga nan sai giyar ƙarshe, wadda take cikin ƙugun wilin baya ta kowane gefe. Ka sa a kwance notin ka ga man. In ya fito fari-fari kamar an zuba madara ruwa ya shiga, in kaga ɓarɓashin ƙarfe yana walƙiya a tsumma ko ya taru a kan notin, to haƙoran ciki suna cin juna, kuma wannan gyara ne mai karya mutum. Ka kwanta da tocila ka bi shasi, musamman inda hannayen wuƙar gaba, wato faffaɗan ƙarfen da take ture ƙasa da shi, suka haɗu da jiki da kuma sandar da ta gicciya ta ƙasa tana riƙe ƙafafun biyu. Walda ɗaya mai tsabta ba abin tsoro bace a tsohon inji, amma faci kan faci yana nuna an sha dukan ta da itatuwa.

Yanzu a tayar. Kafin nan ka zaro sandar baƙin mai ka gani, ka buɗe murfin lagireto tun tana da sanyi ka ga ko mai yana yawo a kan ruwan. Lafiyayyen inji yana kamawa ba tare da an daɗe ana murzawa ba, ya ɗan yi hayaƙi ya washe. Hayaƙi shuɗi da ya ƙi ɗaukewa yana nufin tana ƙona baƙin mai, fari mai yawa bayan ta yi zafi ko ruwa ne yake shiga ko nozul, baƙi kuma sau da yawa matatar iska ce ta toshe ko nozul ɗin, shi ya fi sauƙi. Ka nemi ɗan bututun da injin yake numfashi ta nan, in yana fesa hayaƙi da ƙarfi kamar salansa ta biyu to ringi sun tafi. Kumfa tana tasowa a lagireto alhali injin yana aiki, gasket ne ko kan silinda ya tsage. Agogon awoyi kuwa kar ka dogara da shi, ana canza shi, ka kalli yadda fedar ƙafa ta sule da yadda libobi suke girgiɗi, su basa ƙarya.

Kar ka yarda da gwajin minti biyar. Ka roƙa a bar ka ka yi aiki da ita aƙalla rabin awa ko awa guda har komai ya yi zafi, saboda akwatin giya mai rauni lafiya lau yake da sanyi, sai mai ya yi zafi yake fara zamewa. A saka kowace giya gaba da baya, a juya dama a juya hagu, in gefe ɗaya yana juyawa nan take ɗayan sai an ja da ƙarfi to kuloci ko burkin wannan gefen ya kusa, kuma isa gare su sai an sauke tanki da kujera a yawancin tsofaffi. A kafa wuƙa a tarin ƙasa a tura, abinda kake so ka gani shine sarƙa ta riƙa juyawa tana tono a wuri ɗaya, ba injin ya riƙa ihu sarƙa na tsaye ba. A ɗaga wuƙa sama a kashe inji a ga ko zata riƙa saukowa da kanta da sauri. In akwai halin a ɗebi man inji da na giya a kai gwaji to a yi. Na ƙarshe, lambar da ke jikin shasi ta dace da ta takardu, a rubuta maka shaidar ciniki, ka tabbatar babu bashin kowa a kanta.

Ɗauko ta sai da babbar tirela mai ƙasa-ƙasan baya, a ɗaure da sarƙoƙi ta kusurwa huɗu, kuma ka je da kanka ka duba hanyar da za'a bi, gada da kwana da wayoyin wuta. Kar ka ce zaka taka ta da ƙafarta tafiya mai nisa, ƙafar kake ci a banza kuma zata farfasa kwalta.

Da ta sauka kar ka shiga daji ranar, ba'a fafe gora ranar tafiya. Ka juye duk wani mai da ke cikinta ka zuba sabo, ka canza matatu duka, ka wanke tankin dizal, daga ranar ka buɗe littafi kana rubuta awoyi. A tsofaffin injuna baƙin mai duk awa 250 ne a bisa al'ada, in dizal ɗin da kake samu ba mai kyau bane ka rage awoyin, sauran kuma littafin injin zai gaya maka, ka neme shi ko a intanet ne. Abinda ba zan sassauta a kai ba shine rumfar ƙarfe ta kan direba. Ba rumfar inuwa nake nufi ba, ainihin wadda aka yi don ta ɗauki nauyin injin in ya kife ta kuma tare reshe in ya faɗo, da sanduna biyu da suka gangaro daga rumfar zuwa gaban inji suna kauda rassa, da ragar ƙarfe a baya da gefe. Da bel, kuma ka ɗaura shi. A rufe lagireto da raga mai ƙarfi, a tabbatar farantan ƙasa masu kare cikin injin na nan, a rataya tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai. In zaka iya samun manjagara, wato wannan mai haƙora da ake ɗaurawa a gaban wuƙa, ka saya, ita ce take tara itace ta bar ƙasa ta zube ta tsakanin haƙoran.

In baka taɓa tuƙawa ba ka ɗauko tsohon hannu ya yi maka sati kana gefensa kana kallo, sannan ka yi kwanaki a buɗaɗɗen fili kana koyon riƙe wuƙa daidai. Sabon hannu kullum gyaran wuƙa yake da yawa, ya ɗaga ya sauke, sai ka waiwaya kaga bayansa kamar kunya-kunya. Kaɗan-kaɗan ake taɓa liba, kuma da mazauninka zaka ji injin yana nitsewa kafin idonka ya gani.

Yanzu filin. Ka zaga shi da ƙafa tukuna, lungu-lungu, da fenti ko tsumma mai launi a hannu. Ka tabbatar da iyakarka da maƙwabta a gabansu, ka nemi izini in dokar wurinku ta ce sai da izini ake sare daji, ka tambaya ko akwai bututu ko waya a binne. Ka sa alama a tsohuwar rijiya da rami da dutsen da ciyawa ta rufe da wurin da ruwa yake kwanciya, ka ɗaga kai ka duba matattun rassa da ƙudan zuma, don direban da zuma ta rufe a kan inji mai tafiya yana cikin haɗari babba. A wannan zagayen ne zaka zaɓi itatuwan da zasu tsaya. Dan Allah kar ka aske filin ƙwal. Ka bar na bakin rafi gaba ɗaya da ciyawarsu, su suke riƙe gaɓa, ka bar layi ta inda iska take bugowa, ka bar masu ƴaƴa da na inuwa nan da can, gangare mai tsanani kuma kar ma ka taɓa shi. Iccen da ka bari ka nisance shi da injin aƙalla iya faɗin inuwarsa, in ka datse masa saiwa ko ka danne ƙasar gindinsa zai mutu a hankali bayan shekara biyu ko uku kana mamaki. Masu katako kuma a sare su a fitar kafin katafila ta shiga, amma a bar kututturen da tsayi kamar zuwa ƙugu ko ƙirji don wuƙa ta samu abin kamawa.

Lokaci yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙasa mai ɗan danshi ake so. In ta bushe ƙamas saiwa tsinkewa take ta bar rabi a ciki wanda zai zo ya karya maka garma daga baya, in kuma ta jiƙe sharkaf to nauyin injin zai danne ta ta zama kamar daɓe, ruwa ya daina shiga, ga kafewa. Ka ɗebi ƙasa daga zurfin taƙi guda ka dunƙule, in ta dunƙulu kuma ta wargaje da ka matsa da yatsa, lokaci yayi. In tana murzuwa kamar igiya tana manne maka a hannu, ka kashe inji ka jira.

Ka fara da ƙananan, sassabe da sarƙaƙiya, a giya ta ɗaya, wuƙa tana shafar ƙasa kawai ba tana yanka ba. Nan ne gona take mutuwa ko ta rayu. Kana tafe kana kallon abinda yake birgima a gaban wuƙa, in itace da ganye ne madalla, in kaga baƙar ƙasa tana taruwa tana juyawa to ɗaga. Ni a hektar farko da na yi ban san wannan ba, na ga fili ya fito fes ja-wur naji daɗi, ashe jar ƙasar ƙasa ce na tono, mai kyan tana can cikin tarin da na tura gefe. Shekara uku wannan ɓangaren yana bani shuka gajera rawaya alhali na kusa da shi kore shar, sai da na dawo da tarin na baje na yi ta zuba taki kafin ya fara farfaɗowa, har yau in na tsaya a wurin ina gane layin. Kuma ba ni kaɗai na gani ba. Masanin ƙasa Rattan Lal, wanda ya daɗe yana bincike a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ya gwada hanyoyin share daji gefe da gefe, ya samu cewa inda aka ture itatuwa da inji aka kuma tone saiwoyi da manjagara nan ne zaizayar ƙasa ta fi muni nesa ba kusa ba, inda aka yanke su daidai ƙasa da wuƙa mai kaifi aka bar saiwa ya fi dama, sharar hannu kuma ta fi duka ƙarancin zaizaya. Don haka ko manjagarar ma tarawa ce aikinta, kar ka nitsa haƙoranta kana tsefe filin gaba ɗaya. In itatuwa zaka dasa ko kiwo zaka yi, ba lallai ka cire kowace saiwa ba, bar su su ruɓe a ciki.

Matsakaicin icce, ka matso a hankali ka ɗaga wuƙa sama ka jingina ta a jikinsa sannan ka tura. Kar ka taɓa zuwa da gudu ka doke shi, kan iccen ne zai karye ya dawo maka, ko ka tsaga hannun wuƙa. Da ya kwanta sai ka ja baya ka sauke wuƙa ƙarƙashin saiwar ka tura kana ɗagawa, ta fito gaba ɗaya. Babba kuwa sai da haƙuri. Ka duba inda ya karkata, can zaka kayar da shi. Ka datse saiwoyin ta gefen da zaka tura da kuma dama da hagu da kusurwar wuƙa, ka bar na gefen da zai faɗa, sannan ka tara ƙasa ka yi ɗan tudu a gindinsa ka hau don wuƙa ta kama shi can sama, iya tsayin inda ka kama iya sauƙin turin. Da kaji ya fara tafiya ka sa giyar baya nan take ka janye, saboda gindin da saiwoyin tasowa suke daga ƙasa daidai inda kake, suna iya ɗaga gaban injin ko su fasa farantin ƙasa. Mataccen icce a tsaye ya fi kowanne haɗari don ta ko'ina yake karyewa. Wanda kuma kaga ya fi ƙarfin injinka ka bar shi, babu kunya a ciki. Kowa ya tsaya nesa da kai aƙalla ninki biyu na tsayin iccen, yara kuwa kar su shigo filin sam, amma kar ka yi aikin kai kaɗai, a samu babba ɗaya yana hangenka daga nesa da waya a hannu. Ka lura da ƙananan itatuwan da suka lanƙwashe a ƙarƙashin tari, kamar baka suke, in suka kuɓuce dukansu yana kisa.

Tari kuma kar ka riƙa tura kaya daga wannan bangon zuwa wancan. Katafila ta fi amfani a turi gajere, da ka wuce kamar mita 60 zuwa 100 mai kawai kake ƙonawa, kuma dogon komawa da baya da gudu yana cin bushin fiye da tafiya gaba. Ka yi tari layi-layi a tsakiyar filin, kuma layin ya gicciye gangare don ya tare ruwa. Kafin ka tura kututture cikin tari ka mirgina shi sau biyu ko uku ƙasar jikinsa ta zube. Tarin da ƙasa ta yi masa yawa baya cin wuta baya ruɓewa da wuri, sai ya zama gidan macizai da ɓeraye. A gangare ka hau miƙe ka sauko miƙe, wuƙa a ƙasa-ƙasa, kar ka bi shi a karkace. Kuma ka riƙa canza gefen da kake juyawa don kar ƙafa ɗaya ta riga ɗaya cinyewa, juyin nan na wuri guda mai kaifi shima ka rage shi, yana tone ƙasa yana cin sarƙa. In ka kafe, tsaya da zarar kaji sarƙa tana juyawa a banza, ƙara wuta ƙara nitsewa ne. Ka danna wuƙa ƙasa gaban ya ɗago, a cusa gungume a ƙarƙashin sarƙa, ka fita da baya a hankali.

Kullum da safe kafin ka murza makulli: baƙin mai, ruwa, man giya, man haidirolik, ka tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin tankin dizal, ka bi wuraren giris. Ka lissafa mai da kyau, mai girman D6 tana iya shan lita 20 zuwa 30 a awa in aikin da nauyi. A aikin daji ganye da ƙaiƙayi suna toshe lagireto cikin ƴan awoyi, idonka na kan agogon zafi, kana hurewa. Su kuma suke taruwa a farantin ƙasa su jiƙe da mai, tartsatsi ɗaya ya ishe su, katafila da yawa a haka suka ƙone ƙurmus, don haka ka riƙa buɗewa kana kwashewa. Sarƙa kar ta ɗaure tamau, ana son ta ɗan yi ciki tsakanin rolar sama da wilin gaba, a injuna da yawa kamar santimita 5 ne amma ka bi littafinka, sarƙar da ta ɗaure da yawa tafi wadda ta ɗan saki saurin lalacewa. In zaka sassauta ta, notin giris ɗin nan akwai matsi mai tsanani a bayansa, juyi ɗaya kawai ake masa kuma kar ka sa fuskarka a saitinsa. Yoyon haidirolik kuma da kwali ake nemansa ba da hannu ba, man yana iya huda fata ya shiga jiki, in haka ta faru asibiti nan take ko da ramin bai kai kan allura ba. Da yamma ka tsaya a wuri mai lebur, wuƙa a ƙasa, ka bar injin ya yi sulo minti uku zuwa biyar ya huce kafin ka kashe, ka cire makullin batir, ka sa shebur ka kwashe taɓon da ya cushe a ƙafa tun bai bushe ya riƙe rola ba.

Bayan an gama turi aikin bai ƙare ba. Ramukan kututture ka cike su kaɗan-kaɗan kana takawa, ka ɗan tula don zasu zauna bayan ruwa. Hanyoyin da injin ya yi ta bi sun danne, in kana da ƙugiyar baya, wato haƙorin tsaga ƙasa da ake ɗaurawa a bayan katafila, ka tsaga su lokacin da ƙasa ta bushe, a gicciye da gangare. Tarin itace ka bar shi ya bushe watanni, a ɗebi na amfani, sauran in zaka ƙona ka yi masa shara kewaye ka zaɓi ranar da babu iska ka sanar da maƙwabta, sannan ka baje tokar da ƙasar da ta rage a wurin. Sai haro mai nauyi, sai mutane su bi da hannu su tsince guntayen saiwa kafin ƙaramar tarakta ta shiga, in ba haka ba tayoyinta zasu sha huji. Kuma kar ka bar filin tsirara ruwan farko ya same shi, ka watsa wani abu mai saurin rufe ƙasa, dangin wake sun fi don suna ƙara mata ƙarfi. Saboda wannan ne ma nake cewa ka share iya abinda zaka iya shukawa a wannan shekarar kawai, sauran ya jira baɗi, injin naka ne ba mai ƙirga maka awa.

In aikin ya ƙare gaba ɗaya kuma baka da wani, ko ka riƙa bada ita haya da direbanka a kai, ko ka sayar tun ƙafar tana da saura, da littafin nan na awoyi da rasit ɗin gyara a hannu don mai saye ya gani. In kuma ajiye ta zaka yi, ka ɗora ta a kan katako ko busasshen wuri, ka rufe bakin salansa kar ruwa ya shiga, ka shafa giris a sandunan haidirolik da suka fito waje, duk sati biyu ko uku ka tayar da ita ta yi zafi ka ɗan taka ta gaba da baya don fil-fil ɗin sarƙa kar su ciza.